Yadda ake amfani da ƙaramin wat a amfilifayar jita mai bawul, a gida da kan dandamali

Amfilifayar jita mai bawul, wato ƙwayayen gilashi masu kama da ƙwan lantarki da ke ƙara wa sauti ƙarfi, tana da ɗabi'ar da duk wanda ya riƙe ta ya sani: ba ta sakin muryarta sosai sai an matsa mata. Idan aka murɗa ta sama, manyan bawul ɗin da ke tura lasifika sukan kai iyakarsu, sautin ya yi kauri, ya ɗan tsage, ya riƙa bin nauyin hannun makaɗi. Sai dai wannan daɗin yana zuwa da ƙarar da ɗakin kwana ba ya ɗauka, wani lokaci ma ƙaramin zauren wasa ba ya ɗauka. Shi ya sa kamfanoni da dama suke saka makunnin rage wat, wato ƙarfin da amfilifaya ke tura wa lasifika. Orange Tiny Terror tana sauka daga wat 15 zuwa 7, Peavey 6505 MH tana da 20, 5 da 1, Bugera V5 kuma tana kaiwa har 0.1. Abin da ya kamata ka riƙe tun farko shi ne babban aikin wannan makunni sauya wurin da muryar amfilifaya ke fara tsagewa. Rage ƙara yana biyo baya ne, kuma ba ya kai yadda lambobin ke nunawa.

Lissafin wat da ƙara

Kunnen ɗan Adam ba ya auna ƙara da wat. Ana auna ta da desibel, kuma ƙa'idar tana da sauƙin haddacewa: raba wat gida biyu yana rage desibel 3 kacal, abin da kunne ke ji a matsayin ɗan sauyi. Kafin mutum ya ce ƙara ta ragu da rabi, sai an rage kamar desibel 10, wato sai wat ya koma kashi ɗaya cikin goma. Don haka saukowa daga wat 100 zuwa 50 ba zai hana maƙwabci jinka ba. Daga 50 zuwa 5 ne ake samun rabin ƙara. Daga 20 zuwa 5 desibel 6 ne, daga 20 zuwa 1 kuma desibel 13.

Sai batun lasifika, wanda mutane suka fi mantawa da shi. A takardar kowace lasifika akwai lambar da ke nuna yawan ƙarar da take fitarwa idan aka ba ta wat ɗaya, aka auna daga nisan mita ɗaya. Yawancin lasifikun jita masu inci 12 suna tsakanin desibel 95 da 100. Celestion Vintage 30, alal misali, 100 ce. Ma'ana wat ɗaya tal a cikinta ya kai desibel 100, alhali hirar mutum biyu tana wajen 60. Ko wat 0.1 a wannan lasifikar desibel 90 ne. Idan kana son ka zauna a wajen desibel 75 da lasifika mai lamba 98, ƙarfin da kake buƙata bai wuce wat 0.005 ba. Ga kuma ƙari: wat ɗin da aka rubuta a jikin amfilifaya na murya garau ne, idan ta tsage sosai takan fitar da fiye da haka.

Wannan lissafin ya shafi lafiyar kunnenka kai tsaye. Hukumar NIOSH ta Amurka, mai bincike kan lafiyar ma'aikata, ta sa iyakar awa takwas a desibel 85, kuma duk ƙarin desibel 3 yana raba lokacin gida biyu: awa huɗu a 88, awa biyu a 91, awa ɗaya a 94, minti 15 a 100. Manhajar auna ƙara ta wayar hannu ba ta kai na'urar ƙwararru daidaito ba, amma ta isa ta nuna maka ko kana 75 ko kana 95.

Gano irin makunnin da kake da shi

Kada ka taɓa komai sai ka san ta wace hanya amfilifayarka ke rage ƙarfi, domin hanyoyin sun sha bamban a sauti, a zafi, da kuma abin da suke yi wa bawul. Littafin da ya zo da ita zai faɗa maka, rubutun da ke gefen makunnin ma yakan ba da haske.

Idan ka ga an rubuta Pentode da Triode, makunnin yana sauya haɗin wayoyin da ke zuwa cikin manyan bawul ɗin ne, irin su EL34, EL84, 6L6 ko 6V6. A yanayin Triode ana haɗe ɗaya daga cikin ragogin waya da ke cikin bawul ɗin da farantin ƙarfensa, ƙarfi ya sauka zuwa kusan rabi. Marshall Silver Jubilee ta shekarar 1987 da irin wannan ta fito. Ƙarar ba ta raguwa da yawa, amma muryar tana sauyawa a fili: sama-saman sautin yakan dusashe, bugun farko na tsirkiya ya yi laushi. Wasu na son wannan ɗumin, wasu kuwa na jin kamar an rufa wa lasifika bargo. Gara ka ɗauke shi a matsayin murya ta biyu da amfilifayar ke da ita.

Akwai masu manyan bawul huɗu da makunninsu ke kashe biyu, a sauko daga 100 zuwa 50. Muryar ba ta sauyawa sosai, ƙarar ma haka, desibel 3 ne. Amfaninsa ya fi fitowa a dandamali.

Na uku shi ne rage ƙarfin lantarkin da ke shiga farantin bawul. A yadda aka saba, farantin yana karɓar tsakanin bolt 300 da 500. Idan aka rage, bawul ɗin yakan kai iyakarsa da wuri, ya tsage a ƙaramar ƙara. Tsarin Power Scaling na kamfanin London Power haka yake aiki, da Powerstem ɗin da ke cikin Marshall Origin. Wannan hanya ce ta fi tausaya wa bawul, domin yana aiki cikin ƙarancin zafi, ya kuma fi daɗewa. Illarta tana fitowa a can ƙasa sosai, inda muryar kan yi taushi fiye da kima, kaurin sautin ya saki.

Na huɗu atenuweta ce, na'urar da ke zama tsakanin amfilifaya da lasifika tana shanye wani kaso na ƙarfin tana mayar da shi zafi. Wasu amfilifayoyi da ita a ciki suke zuwa, kamar Hughes & Kettner TubeMeister 18 mai matakai 18, 5, 1 da shiru gaba ɗaya. Ana kuma sayen ta daban. A nan sai a kula: ko da ɗakin ya yi tsit, bawul da taransifoma suna aiki ne da dukkan ƙarfinsu idan ka murɗa Master, babban mamurɗin ƙara, sama. Kunne ba ya jin wahalar da suke sha, amma suna shan ta, kuma manyan bawul ɗin za su tsufa da sauri kamar kullum kana wasa a babban fili.

Kafin ka kunna

Duba bayan amfilifayar ka tabbatar lasifika tana haɗe. Amfilifaya mai bawul ba ta aiki babu abin da zai karɓi ƙarfinta. Idan ka kaɗa jita alhali babu lasifika, ƙarfin da ya rasa mafita yakan koma cikin taransifomar fitarwa a matsayin tsananin bolt, ya huda rufin wayoyinta, kuma ita ce ɗaya daga cikin sassan da suka fi tsada. Ƙaramin wat ba ya kare ka daga wannan. Amfilifayar da aka gina da makunnin kashe lasifika ce kawai za ka iya yi wa haka, don ita tana da abin da ke shanye ƙarfin a ciki.

Daidaita om, wato ma'aunin turjiyar lasifika ga lantarki. Akwatin lasifika mai om 8 ramin om 8 yake shiga, mai 16 ramin 16. Yi amfani da wayar lasifika ta ainihi, mai kaurin zare biyu. Wayar jita tana kama da ita a ido kuma kanta yana shiga ramin, amma zaren cikinta siriri ne, zai yi zafi, yana iya narkewa ya bar amfilifayar babu lasifika ana tsakiyar kiɗa. Ka sa wa wayar lasifika alama da tef mai launi don kada su cakuɗe a jaka.

Mayar da mamurɗan Master da Gain ƙasa, sa Standby, wato makunnin da ke barin bawul su yi ɗumi ba tare da amfilifaya ta fara aiki ba, kunna wuta, ka jira daƙiƙa 30 zuwa minti ɗaya bawul su yi ɗumi. A cikin Standby ɗin nan za ka zaɓi wat. Makunnin Pentode da Triode musamman yana ɗauke da babban bolt, sauya shi ana cikin kiɗa yana jawo tartsatsi a cikinsa da ƙarar fashewa a lasifika. Wasu amfilifayoyi an gina su don jure sauyin kai tsaye, amma sai littafinta ya faɗi haka ƙarara. Wadda ba ta da Standby, kashe ta gaba ɗaya, ka sauya, ka sake kunnawa. Bar tazarar akalla tafin hannu biyu tsakanin bayanta da bango saboda iska.

Saiti a gida

Tambayar farko: daga ina gurnanin da kake so, wato tsagewar muryar nan, yake fitowa? Amfilifaya mai bawul sashe biyu gare ta. Na gaba yana da ƙananan bawul, galibi 12AX7, kuma Gain ne ke matsa musu. Na baya shi ne na manyan bawul, Master ne ke buɗe musu ƙofa. Gurnanin sashen gaba matsattse ne, mai kaifi, ana samun sa a kowace ƙara. Na sashen baya ya fi faɗi da numfashi, yana raguwa idan ka sassauta hannu, ya dawo idan ka daka. Makunnin rage wat don na bayan aka yi shi.

Saboda haka idan kiɗanka mai nauyin gurnani ne irin na metal, kuma amfilifayarka ta zamani ce mai Gain da yawa, sau tari cikakken wat da Master a ƙasa ya fi ƙaramin wat da Master a sama daɗi. Irin wannan kiɗa yana son sashen baya ya zauna garau don kaurin sauti ya tsaya cak. Idan kuma kana bin muryar bulus ko tsohon rok, ko amfilifayarka mamurɗin ƙara ɗaya tal gare ta babu Master, to ƙaramin wat naka ne.

Fara da matakin da ya fi ƙanƙanta. Sa Bass, Middle da Treble a tsakiya, kashe duk wata feda, wato ƙaramar na'urar sauya sauti da ake takawa da ƙafa, ka buɗe mamurɗin ƙarar jita har ƙarshe. Sa Gain a wajen 3 cikin 10. Cire Standby, ka riƙa ɗaga Master a hankali kana kaɗa tsirkiya uku ko huɗu tare, da nauyin hannun da ka saba. Za ka ji ƙara tana hawa, sannan a wani wuri ta daina hawa sosai, sautin ya fara kumbura yana kauri. Nan ne manyan bawul suka fara cika. A yawancin amfilifayoyi wurin yana tsakanin 5 da 7. Tsaya nan, ko ka ɗan wuce kaɗan. Murɗawa har 10 ba kasafai yake ƙara daɗi ba, sai dai ya dagula sauti ya kawo tsaki da huci.

Yanzu ka duba ƙarar. Idan ta yi wa ɗakin yawa, kuma sau da yawa za ta yi ko da a wat ɗaya, kada ka nace. Sauke Master zuwa inda ɗakin zai ɗauka, ka ɗaga Gain zuwa 5 ko 6 ya cike gurbin. Rabin gurnani daga gaba, ɗan matsi daga baya, wannan haɗin ya fi sautin da aka shaƙe da atenuweta har ya koma kamar kukan sauro.

Daga nan sai gyaran murya. Tun 1933 binciken Fletcher da Munson ya nuna cewa idan ƙara ta yi ƙasa, kunne yana rasa kaurin sauti da can sama-samansa fiye da tsakiya. Shi ya sa saitin da ya yi daɗi a dandamali yake zama siriri a ɗaki. Hannu zai so ya kai wa Bass, amma a yi hattara: kaurin sauti ne ya fi cin ƙarfi, kuma a ƙaramin wat shi ke fara dagulewa. Ƙara shi da lamba ɗaya, ka kaɗa tsirkiya mafi kauri. Idan ta yi ɓurɓur kamar lasifika ta yage, mayar da shi, ka ƙara Middle a madadinsa. Idan kana yanayin Triode, ɗaga Treble ko Presence, mamurɗin can sama-saman sauti, da lamba ɗaya zuwa biyu don dawo da hasken da ya tafi. Idan akasin haka ne, sautin yana tsaki a sama kamar ana soya abu, rage Presence tukuna, sannan Gain. Akwai kuma amfilifayoyin da ke da ƙaramar kafasita a jikin mamurɗin ƙara, wadda ke barin siririn sauti ya wuce idan mamurɗin yana ƙasa. A irinsu, kashe makunnin Bright idan akwai, ko ka ɗaga mamurɗin ka rage ƙarar ta wata hanyar.

Wurin da ka ajiye amfilifaya yana yin aikin da ya kai na makunni. Lasifikar jita tana harba siririn sauti ne kai tsaye gabanta kamar hasken tocila. Idan tana ƙasa tana kallon ƙafafunka, kai kana jin dusasshen sauti, sai ka ƙara Treble da ƙara ba tare da buƙata ba. Ɗora ta a kan kujera ko ka jingina ta baya ta kalli kunnenka, ka zauna mita ɗaya zuwa biyu daga gare ta. Ɗaga ta daga ƙasa yana kuma rage kaurin sautin da ke bi ta daɓe da bango zuwa ɗakin wani, wanda shi ne ya fi damun maƙwabta. Kusurwar ɗaki tana ƙara kauri, tsakiyar ɗaki tana rage shi.

Abu na ƙarshe a gida, koyi aiki da mamurɗin ƙarar jita. Idan ka saita amfilifaya ta tsage a 10, sauke jita zuwa 6 ko 7 zai ba ka murya kusan garau, ba tare da ka taɓa komai ba. Wannan shi ne babban ribar sa manyan bawul aiki. Akwai dai abu biyu da ƙaramin wat ba zai ba ka ba: motsin takardar lasifika idan an tura ta da ƙarfi, da yadda ƙara ke komawa jikin jita ta sa tsirkiya ta daɗe tana amo. Idan sauti yana mutuwa da wuri, ƙaramar feda mai matse sauti ko mai ɗan gurnani a gaban amfilifaya tana taimakawa.

Fedar amsa-kuwwa da ta maimaita sauti suna da tasu matsalar. Ramukan Send da Return, inda ake jona irin waɗannan fedoji, suna tsakanin sashen gaba da na baya ne, don haka idan manyan bawul suna tsagewa, duk maimaicin da fedar ta yi shi ma zai tsage, ya cakuɗe da sabon bugu. Rage yawan maimaicin da ƙarfinsa zuwa rabin yadda ka saba, ko ka hau mataki ɗaya na wat ka sauke Master.

Idan atenuweta ta waje ce

Haɗin yana tafiya haka: daga ramin lasifika na amfilifaya zuwa mashigar atenuweta, daga mafitarta zuwa lasifika, duka biyun da wayar lasifika. Om ɗinta ya dace da na amfilifaya. Ƙarfin da take ɗauka ya fi na amfilifayar da rata mai kyau, tunda amfilifaya mai wat 50 da aka murɗe tana wuce 50. Mai ɗaukar 100 ce ta dace da ita. Kada ka ɗora komai a kanta, kada ka rufe ramukan iskarta.

Iri biyu ne. Mai rezista zalla ta fi araha, amma idan an rage da yawa takan danne sama-saman sauti. Ɗayar tana kwaikwayon yadda lasifika ke turjiya ga amfilifaya, yadda turjiyar ke hawa da sauka bisa kauri ko sirantar sauti, don haka hannu ya fi jin ta kamar ta gaske. Kowace iri ce, rage desibel 3 zuwa 8 ba ya ɓata murya sosai. Daga 12 zuwa sama ne sauti ke fara ƙanƙancewa. Wanda yake buƙatar shiru na gaske da dare, gara ya nemi akwatin da ke shanye ƙarfin gaba ɗaya ya fitar da sautin zuwa abin saurare na kunne ko kwamfuta tare da kwaikwayon lasifika, irin Two Notes Torpedo Captor.

Game da zare bawul biyu da hannu daga amfilifaya mai huɗu: ana yi, amma da sharuɗɗa. Ana zare na ciki biyu ko na waje biyu, ba biyun da ke gefe ɗaya ba, domin bawul ɗin suna aiki ne ɓangare biyu, wannan ya tura wancan ya ja. Sannan a sa om na amfilifaya a rabin na akwatin lasifika, wato akwati mai 16 a ramin 8. Ba a yin haka ga amfilifayar da bawul ɗinta huɗu ke raba rezistar katod guda, irin Vox AC30, don biyun da suka rage za su ja wutar da ta fi ƙarfinsu. Tunda ribar desibel 3 ce kawai, da wuya ta cancanci wahalar. Cikin akwatin amfilifaya kuwa na mai gyara ne: manyan kafasitocinta suna riƙe ɗaruruwan bolt ko bayan an zare filogi, kuma suna iya kisa.

A kan dandamali

Abu uku ke yanke hukuncin wat a wurin wasa: ƙarfin hannun mai ganguna, ko za a sa wa amfilifaya makirufo, da kuma ko kana buƙatar murya garau.

Idan akwai makirufo da manyan lasifikun zaure, aikin amfilifayarka ya ragu zuwa biyu, ta ba da murya kuma kai ka ji kanka. A nan matsakaicin mataki, wat 5 zuwa 15, yakan wadatar, kuma mai kula da sauti zai fi samun damar daidaita ku idan ƙararka ba ta kwarara cikin makirufon mawaƙi. Makirufo irin Shure SM57 ana sa shi dab da ragar lasifika, daidai inda ƙoƙon tsakiya ya haɗu da takarda. Matsar da shi tsakiya yana ƙara kaifi, matsar da shi gefe yana ƙara ɗumi. Juya amfilifayar ta kalle ka daga gefe ko ka jingina ta sama, kada ta harbi fuskokin 'yan layin gaba.

Idan babu makirufo kuma mai ganguna yana da nauyin hannu, wat 15 zuwa 20 cikin lasifika mai inci 12 zai iya jurewa muddin gurnani kake so. Murya garau a wannan yanayin tana neman wat 30 zuwa 50, kuma a nan cikakken wat ne ya dace ko da ba za ka kai Master rabi ba. Ratar da ke tsakanin inda kake kaɗawa da inda amfilifaya ke tsagewa ita ce dukiyarka a dandamali, makunnin rage wat kuwa ita yake ci. A fili babu bango da zai dawo da sauti, kuma duk ninka nisa yana rage kamar desibel 6, don haka can ma cikakken wat.

Yi gwajin sauti tare da dukan 'yan ƙungiya, da waƙar da ta fi ƙara, ba kai kaɗai ba. Fara da matsakaicin mataki. Idan ka sami kanka a Master 7 ko 8 kuma har yanzu kana ɓacewa duk lokacin da aka daki faifan ƙarfe na ganguna, shiga Standby ka hau mataki na gaba tun yanzu. Jama'a idan sun cika zaure jikinsu yana shanye sauti, mai ganguna kuma yakan ƙara ƙarfi idan wasa ya yi zafi, saboda haka ka bar wa kanka ragowa. Kafin ka ƙara ƙara, gwada ƙara Middle ka rage Bass da Gain: jita tana fitowa ne ta tsakiyar sauti, ƙasa ta mai jitar bes ce.

Gwada fedar da kake takawa lokacin da za ka yi kiɗa kai kaɗai. Idan manyan bawul sun riga sun cika, fedar ƙara ƙarfi ba za ta ɗaga ka ba, gurnani kawai za ta ƙara, har ma ka ji kamar ka ƙanƙance. Fitowa sama da sauran kayan kiɗa yana buƙatar ƙarin desibel 3 zuwa 6, wato ninki biyu zuwa huɗu na ƙarfin da kake amfani da shi. Mafita ita ce ka hau wat, ko ka yi rakiyar waƙa da mamurɗin jita a 6 ka buɗe shi idan lokacinka ya zo, ko mai kula da sauti ya ɗaga ka daga wurinsa. Rubuta saitin gida da na dandamali daban a ɗan tef ka manna a saman amfilifaya, domin ba za su taɓa zama ɗaya ba.

Alamun matsala

Ɗan haske ruwan lemo a tsakiyar bawul na abin ɗumama shi ne, ba laifi. Amma idan faffaɗan farantin ƙarfen da ke ciki ya yi ja kamar garwashi, kashe nan take. Bawul ɗin yana jan wuta fiye da kima, ko don ya lalace ko don bayas ɗinsa, wato saitin da ke ƙayyade yawan wutar da yake ja, ya kauce, kuma ana yawan ganin haka ga masu murɗe amfilifaya awa da awa a bayan atenuweta. Warin ƙuna ko taransifomar da hannu ba ya iya taɓawa su ma dalilin kashewa ne.

Gunji mai kauri da ke ƙaruwa a yanayin Triode, ko bayan an kashe bawul biyu, yakan nuna manyan bawul ɗin ba su yi daidai da juna ba. Ana sauya su ne biyu-biyu ko huɗu-huɗu waɗanda aka auna tare, a kuma saita bayas idan amfilifayar mai buƙatar haka ce. Ƙarar da ke ɗaukewa tana dawowa bayan an sauya mataki sau da yawa dattin cikin makunni ne ko ramin lasifika da ya saki. Idan fis ya ƙone, sa irinsa sak, lamba ɗaya da harafi ɗaya, T na nufin mai jinkirin ƙonewa. Idan sabon ma ya ƙone, kada ka sa na uku, kai ta wurin mai gyara. Bayan wasa, bar ta ta huce minti 10 zuwa 15 kafin ka ɗauka, domin ƙarafan cikin bawul mai zafi suna da taushi kuma jijjiga tana iya gusar da su.